Bayani Kan Rasiɗin Ciniki da Harajin VAT Ga Jama'ar Ƙaramar Hukumar Ungogo

Gabatarwa

A duk lokacin da kaka ta yi, amfanin gona ya zo gida, magidanta da yawa daga Panisau da Rangaza da Karo da Yadakunya da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Ungogo sukan sayar da wani abu daga cikin abin da Allah ya hore musu, su nufi birni domin sayen kwanon rufi, ko siminti, ko babur, ko kayan ɗakin 'ya. Mafi yawan wannan ciniki da baki ake ƙulla shi. A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a ƙirga kuɗi, kowa ya kama gabansa. Wani lokaci kuma, bayan an sallama, sai mai kanti ya ce akwai ƙarin kuɗin haraji a kan farashin, mai saye ya biya ba tare da an ba shi wata takarda da ta nuna nawa ne kuɗin kaya, nawa ne na haraji ba. Idan aka yi haka, mai saye ba shi da hanyar sanin ko harajin da aka karɓa daidai yake da abin da doka ta yanka, ko kuma kuɗin za su isa baitulmalin gwamnati ko a aljihun wani za su tsaya.

Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan abin da doka ta wajabta wa mai sayar da kaya ya rubuta a rasiɗi, da wanda wannan wajibi ya hau kansa, da wanda aka ɗauke masa, da kuma abin da ya shafi ma'aikatan ƙaramar hukuma da masu riƙe da sarautun gargajiya a cikin lamarin.

Asalin wannan haraji

Dattawanmu ba su manta da zamanin takardar haraji ba, lokacin da magidanci kan naɗe ta cikin tsumma ya adana, domin ita ce shaidarsa a gaban dagaci da ɗan doka. An soke wannan haraji na kai tare da jangali a tsohuwar Jihar Kano a shekarar 1979, a farkon mulkin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. Harajin da muke magana a kansa a nan wani iri ne dabam. Ba a kan mutum ake ɗora shi ba, a kan abin da mutum ya saya ake ɗora shi, don haka ake kiransa harajin sayen kaya, ko kuma VAT a taƙaice.

A ƙasar Faransa aka fara aiki da irin wannan tsari a shekarar 1954, daga nan ya bazu zuwa mafi yawan ƙasashen duniya. A Nijeriya, dokar soja mai lamba 102 ta shekarar 1993 ce ta kafa shi, aka fara karɓarsa a watan Janairu na 1994. Ya maye gurbin harajin ciniki na dokar soja mai lamba 7 ta 1986, wanda jihohi suke karɓa a da. An fara da kashi 5 cikin 100. A shekarar 2007 an ɗaga shi zuwa kashi 10, amma ba a jima ba aka janye ƙarin. Dokar Kuɗi ta 2019 ce ta mayar da shi kashi 7.5 cikin 100, daga ranar 1 ga Fabrairu, 2020. 'Yan kasuwarmu masu zirga-zirga zuwa Maraɗi da Damagaram sun san cewa a Jamhuriyar Nijar irin wannan haraji kashi 19 ne cikin 100.

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, kuma sabon tsarin ya fara aiki sosai daga ranar 1 ga Janairu, 2026. Waɗannan dokoki sun haɗe tsohuwar dokar VAT cikin babbar Dokar Haraji ta Nijeriya, sun bar adadin a kashi 7.5, sun kuma sauya hukumar tarayya da aka sani da FIRS zuwa Hukumar Tara Haraji ta Nijeriya, wato NRS. Wannan hukuma ce take da alhakin tara harajin VAT a duk faɗin ƙasa. Ba aikin Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano ba ne, ba kuma aikin sashen kuɗin shiga na ƙaramar hukuma ba ne.

Yadda harajin yake tafiya daga hannu zuwa hannu

Domin a fahimci dalilin da ya sa doka ta matsa a kan rasiɗi, sai an fara sanin yadda ake tara harajin. Mai saye na ƙarshe ne yake ɗaukar nauyinsa, amma ba shi yake kai wa hukuma ba. Kowane ɗan kasuwa mai rajista da kaya suka bi ta hannunsa yakan karɓi haraji a wurin wanda ya sayar wa, ya cire wanda shi ma ya biya lokacin da ya saro kayan, sannan ya miƙa wa hukuma abin da ya rage.

Ga misali. Mu ɗauka wata masana'anta a Bompai ta sayar wa dila kaya na naira 100,000. Za ta ƙara haraji naira 7,500, dila ya biya 107,500. Dilan ya sayar wa babban mai kanti a kan naira 120,000, ya ƙara haraji 9,000. Da yake ya riga ya biya 7,500 a masana'anta, abin da zai kai wa hukuma shi ne 1,500. Mai kantin ya sayar wa wani manomi daga Gayawa a kan naira 140,000, ya ƙara haraji 10,500. Ya riga ya biya dila 9,000, don haka shi ma 1,500 zai kai. Idan aka haɗa 7,500 da 1,500 da 1,500, sai a sami 10,500, wato daidai abin da manomin ya biya. Babu ko kwabo da ya fita daga ribar dila ko ta mai kanti. Su amana kawai aka ba su ta karɓa da miƙawa.

A nan ne amfanin rasiɗi yake fitowa. Mai kanti ba zai iya cire naira 9,000 ɗin nan ba sai ya nuna rasiɗin da dila ya ba shi. Dila ma ba zai iya cire tasa 7,500 ba sai da rasiɗin masana'anta. Kowane rasiɗi shaida ce a kan wanda ya bayar da shi cewa ya karɓi kuɗin gwamnati, kuma hujja ce ga wanda ya karɓe shi cewa ya biya. Inda duk aka tsallake rubutu, a nan igiyar take tsinkewa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin da doka ta ce a rubuta a rasiɗi

Gyaran da aka yi wa dokar VAT a shekarar 2007 ne ya fayyace abubuwan da rasiɗin haraji zai ƙunsa, a sashe na 13A. Dokar 2025 ta riƙe wannan tanadi, ta kuma ƙara cewa rasiɗai su kasance da lambobi a jere, ɗaya na bin ɗaya, domin kada a zare wani daga tsakiya ba a gane ba. Duk ɗan kasuwar da yake karɓar VAT wajibi ne rasiɗinsa ya nuna waɗannan abubuwa:

1. Sunan mai sayarwa da adireshinsa.
2. Lambarsa ta shaidar biyan haraji.
3. Lambar rajistar kamfani ko ta sunan kasuwanci, idan yana da ita.
4. Lambar rasiɗin.
5. Ranar da aka yi cinikin.
6. Sunan mai saye.
7. Jimillar kuɗin cinikin.
8. Adadin harajin da aka karɓa, da kason da aka yi lissafi da shi.

Har ila yau, doka ta ce a bayar da rasiɗin a lokacin da aka miƙa kaya, ko an biya nan take ko bashi aka ɗauka. Wannan yana da muhimmanci a yankinmu, inda ake yawan ɗaukar kaya a kan alkawarin biya bayan girbi. Rubuta bashi kuwa ba baƙon abu ba ne ga jama'armu, domin ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan wannan al'amari ta sauka.

Akwai wata doka ta biyu da ta ƙarfafa wannan haƙƙi, wato Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta wajabta wa mai sayarwa ya ba mai saye rubutacciyar shaidar ciniki, sai fa inda yin hakan ba zai yiwu ba. Shaidar za ta nuna sunan kayan da yawansu, da farashin kowane ɗaya, da jimilla kafin haraji, da adadin harajin, da jimilla bayan haraji. Ta kuma hana a karɓi fiye da farashin da aka rubuta a jikin kaya ko a kan kanta. Ita wannan doka ta shafi mai saye kai tsaye, ko mai kantin yana cikin masu karɓar VAT ko ba ya ciki.

Wanda aka ɗora wa da wanda aka ɗauke wa

Ba kowane mai sayar da kaya ne doka ta ce ya karɓi VAT ba. Daga shekarar 2020, an ɗauke wa duk wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba nauyin karɓar harajin da kai rahoton wata-wata. Dokokin 2025 sun faɗaɗa wannan rangwame ga ƙananan 'yan kasuwa waɗanda cinikinsu na shekara bai wuce naira miliyan 100 ba, kuma kadarorin sana'arsu na dindindin ba su wuce naira miliyan 250 ba. Masu aikin ƙwarewa, irin su lauyoyi da akantoci, ba sa cikin wannan rangwame.

Ma'anar wannan ita ce, mai tireda a Bachirawa, da mai shayi a bakin tasha, da tela, da mai injin niƙa, da matar da take sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, duk babu ruwansu da karɓar VAT. Amma a lura da kyau, ciniki ake dubawa, ba riba ba. Naira miliyan 100 a shekara ta yi daidai da cinikin kusan naira 274,000 a kowace rana. Dilan siminti, ko mai sayar da rodi da kwano, ko mai babban kantin kayan masarufi a Rijiyar Zaki, yana iya haura wannan iyaka ba tare da ya ankara ba, musamman idan ba ya rubuta cinikinsa. Wanda ya haura, wajibi ne ya yi rajista, ya riƙa ƙara harajin a kan kayan da doka ta ɗora wa, ya bayar da cikakken rasiɗi, ya kuma kai rahoto kafin ko a ranar 21 ga watan da yake biye. Ƙaramin ɗan kasuwar da yake ganin shiga tsarin ya fi masa, misali saboda yana hulɗa da manyan kamfanoni masu neman rasiɗin haraji, yana iya sanar da hukuma a rubuce ya shiga don raɗin kansa.

Daga wannan bayani ƙa'ida ɗaya take fitowa wadda ya kamata kowa ya riƙe. Wanda ba ya kai wa hukuma harajin VAT ba shi da ikon ƙara shi a kan farashi da sunan haraji. Yana iya sa wa kayansa farashin da ya ga zai fisshe shi, mai saye ya taya ko ya bari. Amma ya ce ga kuɗin kaya, ga kuma na gwamnati, alhali ba shi da lambar haraji kuma ba ya miƙa komai, wannan cin dukiyar mutane ne da sunan hukuma.

Kada kuma mai sayayya a ƙaramin kanti ya ɗauka cewa shi ba ya biyan wannan haraji. Mai tireda da ya saro sabulu da ashana da batir a Kasuwar Singa ya riga ya biya harajin a wurin dila, kuma yana cikin farashin da yake sayarwa, ko da yake ba a rubuta ba. Haka nan akwai shi a cikin katin waya da kuɗin data, da kuɗin wutar lantarki, da ladan da banki yake cira idan an tura kuɗi. A nan sai a kula: a kan ladan bankin ake lissafa harajin, ba a kan kuɗin da aka tura ba.

Kayan da ba a ƙara musu haraji

Doka ta ware wasu kayayyaki domin sauƙaƙa wa talaka da manomi. Kashi na farko su ne waɗanda aka sa wa haraji sifili. A cikinsu akwai kayan abinci na yau da kullum, irin su gero, dawa, masara, shinkafa, wake, gyaɗa, rogo, doya, gari, burodi, kayan miya, nama, kifi, madara, gishiri da man girki. Akwai magunguna da aikin asibiti, da littattafai da kayan karatu, da kuɗin makarantar nazare da firamare da sakandare. Akwai takin zamani, da irin shuka, da magungunan feshi da na dabbobi da abincin dabbobi waɗanda aka yi a cikin gida Nijeriya, da shanu da awaki da tumaki da kaji masu rai. Kashi na biyu su ne waɗanda aka keɓe daga harajin baki ɗaya, kamar saye ko hayar tarakta da garma da sauran injinan noma, da kayan jarirai, da fili da gini, da kuɗin motar haya ta fasinja.

Ga mai saye, duka kashi biyun abu ɗaya ne, wato ba zai biya ƙari ba. Bambancin yana wurin ɗan kasuwa. Mai sayar da kayan da suke kan sifili yana da damar neman a mayar masa da harajin da ya biya a kan abubuwan da ya yi amfani da su wajen samar da kayan, amma mai sayar da keɓaɓɓun kaya ba shi da wannan dama. Manufar mayar da kayan abinci da na noma kan sifili a dokar 2025 ita ce kada harajin ya ɓuya a cikin farashinsu.

Saboda haka, manomin da ya kai buhunan wake ko riɗi Kasuwar Dawanau ba zai ƙara wa mai saye VAT ba. Wanda ya je sayen buhun taki ko irin masara, idan ya ga an rubuta masa kashi 7.5 a kai, yana da hujjar ƙin biya. A babban kanti kuma, inda mutum kan haɗa shinkafa da sabulu da bokiti a kwando ɗaya, ya kamata rasiɗi ya bambanta kayan da aka ɗora wa haraji da waɗanda ba a ɗora wa ba. Kuskure ne a tattara jimillar duka a buga mata kashi 7.5. Sai dai abincin da aka dafa aka sayar a otal ko babban gidan abinci ba ya cikin wannan sassauci.

Yadda mai saye zai duba lissafi da kansa

Lissafin ba shi da wuya. A kan kowace naira 1,000 harajin naira 75 ne, a kan kowace 10,000 naira 750, a kan kowace 100,000 naira 7,500. Wanda ya sayi kwanon rufi na naira 200,000 kafin haraji, harajinsa 15,000 ne, jimilla 215,000. Idan kuma mai kanti ya ce farashin da ya faɗa ya riga ya haɗa da haraji, sai a raba jimillar gida 43, a ɗauki gida 3, shi ne harajin. A misalin da ya gabata, 215,000 a raba 43 ya ba da 5,000, sau 3 ya ba da 15,000.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi tambaya tun kafin a sallama: wannan farashi da haraji ne a ciki ko babu? Matambayi ba ya ɓata. Wanda bai iya karatun boko ba, ya nuna wa ɗansa ko wani amintacce rasiɗin kafin ya bar kantin. A duba ko akwai suna da adireshi da lambar haraji, a duba kwanan wata, a kuma tabbatar adadin da aka rubuta shi ne aka biya. Kada a yarda da tayin wanda zai ce a bar rasiɗi ya rage wani abu. Ranar da babur ya ba da matsala, ko aka tare mutum a hanya ana tuhumar inda ya samo kaya, ko aka zo rabon gado ana neman shaidar mallaka, ɗan ragin nan ba zai tsinana komai ba. Rasiɗan da na'ura take bugawa a kan siririyar takarda suna koɗewa da zafi, don haka yana da kyau a ɗauki hotonsu da waya ko a yi musu kwafi.

Inda kuɗin suke tafiya

Wani zai ce, tun da hukumar tarayya ce take karɓa, mene ne ruwan mutumin Ungogo? Amsar ita ce, mafi yawan kuɗin jihohi da ƙananan hukumomi suke komawa. Har zuwa ƙarshen 2025, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 15, jihohi kashi 50, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 35. A sabon tsari, kason tarayya ya ragu zuwa 10, na jihohi ya ƙaru zuwa 55, na ƙananan hukumomi yana nan a 35. Ana yin rabon ne kowane wata a taron kwamitin rabon arziƙin ƙasa a Abuja.

Akwai kuma wani sauyi da ya shafe mu kai tsaye. A wajen raba kason jihohi da ƙananan hukumomi a tsakaninsu, kashi 50 ana raba shi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 kuma bisa wurin da aka yi amfani da kayan. A da, wurin da kamfani yake da hedikwata, galibi Legas, shi yake cin moriyar kason da ake bayarwa bisa tushen kuɗi, ko da kuwa a Kano aka sha lemon ko aka ƙona katin wayar. Yanzu wurin da aka ci kayan ake dubawa. To, hukuma ba ta da hanyar sanin abin da aka saya a Kano sai ta rubuce-rubucen 'yan kasuwa. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Ungogo tana da mutane fiye da 360,000 a mazaɓunta 11, kuma tun daga lokacin birni yake ta cin gonaki ta wajen Rijiyar Zaki da Bachirawa da Kadawa da Tudun Fulani. Duk cinikin da wannan jama'a ta yi aka karɓi haraji ba a rubuta ba, an yi asara biyu: kuɗin bai shiga asusu ba, kuma ba a lissafa shi cikin abin da jiharmu ta ci ba. Daga irin waɗannan kuɗi ne ake biyan albashin malaman firamare da ma'aikatan ɗakunan shan magani, ake gyaran rijiyoyin burtsatse da hanyoyin karkara.

Abin da ya shafi ma'aikata da shugabannin al'umma

Ga ma'aji da akantoci da jami'an sayen kaya na ƙaramar hukuma, akwai nauyi na musamman. Doka ta ɗora wa ma'aikatu da hukumomin gwamnati, na tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi, su riƙe harajin VAT na duk kwangila ko sayayyar da harajin ya hau kanta, su miƙa wa hukumar NRS a cikin wa'adin da aka tsara a watan da yake biye. Don haka bai kamata a sa hannu a kan takardar biya ba sai an haɗa ta da cikakken rasiɗi mai lambar harajin ɗan kwangila, wanda ya raba kuɗin aiki da kuɗin haraji. Kuɗin da aka riƙe ba na ƙaramar hukuma ba ne, kuma ba a yin wani aiki da su da niyyar mayarwa daga baya. A kuma kiyaye bambanci tsakanin VAT da harajin da ake cirewa daga kuɗin ɗan kwangila tun daga tushe. Na farko ƙari ne a kan farashin aiki, na biyu kuwa wani ɓangare ne na harajin ribar ɗan kwangilar da ake karɓa tun da wuri. Kowanne da layinsa a littafi, kowanne da shaidarsa.

Ga malaman karɓar kuɗin shiga a kasuwanni da tashoshi, Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da shaguna, kuma akwai kuɗaɗen da take karɓa a kansu da nata rasiɗin. Waɗannan ba VAT ba ne, kuma bai halatta a kira su da wannan suna ba. Duk wanda ya zo wa mai shago ko mai rumfa da cewa ya zo karɓar VAT a madadin ƙaramar hukuma, a nemi shaidarsa, a kuma sanar da sakatariya.

Ga hakimi da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su ne jama'a suka fi saurara. Muna roƙonsu su isar da wannan bayani a majalisu da masallatai da wuraren taro, musamman gabanin kaka da lokacin bukukuwa, sa'ad da ake yawan manyan sayayya.

Rasiɗin na'ura da hukuncin saɓa doka

Daga watan Agusta na 2025 aka fara aiki da tsarin rasiɗi ta intanet, inda kwamfutar kamfani take aika bayanin kowane ciniki ga hukumar haraji. An fara ne da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a shekara, da nufin a sauko zuwa matsakaita da ƙanana daki-daki. Lambar shaidar haraji kuma an ɗaure ta da lambar katin ɗan ƙasa ga ɗaiɗaikun mutane, da lambar rajistar kamfani ga kamfanoni. Ɗan kasuwar da ya saba da rubuta cinikinsa tun yanzu ba zai sha wahala ba idan tsarin ya iso kansa. Doka ta bukaci a adana littattafan ciniki da rasiɗai na aƙalla shekara 6.

Tsohuwar dokar VAT ta yanka tarar rabin kuɗin kaya ga wanda kotu ta samu da laifin ƙin bayar da rasiɗin haraji. Dokar Gudanar da Haraji ta 2025 ta tanadi tarar naira 50,000 a watan farko ga wanda ya ƙi yin rajista, da 25,000 a kowane wata bayan nan. Wanda ya ƙi kai rahoto zai biya 100,000 a watan farko, da 50,000 a kowane wata da ya biyo. Wanda tsarin na'ura ya hau kansa, ya kewaye shi ya yi ciniki, zai biya 200,000 tare da ninkin harajin da ya kamata ya bayar da kuma ƙarin jinkiri. Ba mu kawo waɗannan domin tsoratarwa ba, sai domin rigakafi ya fi magani.

Inda za a kai koke

Wanda ya ga an karɓi haraji a hannunsa ba bisa ƙa'ida ba, ya fara da yi wa mai kantin magana cikin lalama, domin sau da yawa kuskuren yaron kanti ne ko rashin sani. Idan ba a daidaita ba, sai ya tuntuɓi shugabannin kasuwar. Bayan haka akwai ofisoshin hukumar NRS da ke cikin Kano game da abin da ya shafi harajin kansa, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano da takwararta ta tarayya, FCCPC, game da ƙin bayar da shaidar ciniki ko karɓar fiye da farashin da aka rubuta. Ɗan kasuwar da yake ganin jami'in haraji ya zalunce shi yana da Ofishin Sauraron Koken Masu Biyan Haraji, wanda dokokin 2025 suka kafa. A kowane hali, a tafi da rasiɗin ko hotonsa, ko shaidar tura kuɗi ta banki, da kwanan watan da abin ya faru.

Kammalawa

Muna kira ga magidanta da matan aure da matasa na Ungogo da kewaye su mayar da neman rasiɗi al'ada a duk babbar sayayya, su kuma duba abin da aka rubuta kafin su bar kanti. Neman rasiɗi ba rashin yarda ba ne, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin haushinsa, domin shi ma kariya ce gare shi ranar da aka zo bincike ko aka yi jayayya. Muna kira ga 'yan kasuwar da cinikinsu ya kai iyakar da doka ta sa su yi rajista su rubuta harajin a fili, waɗanda bai kai ba kuma su guji ambaton sunansa a kan farashi. Ma'aikata su riƙe amanar da aka ba su, su miƙa abin da suka riƙe a kan lokaci. Allah ya sa albarka a noma da kasuwancinmu, ya ba mu zaman lafiya a Jihar Kano da Nijeriya baki ɗaya.